Jini Ba Shi da Suruki: Tunawa da Baba Shu'aibu Mai Gwaji

Ina cikin danfo, motar haya ta Legas, a Iyana Ipaja, ranar Alhamis da hantsi, da kwalin magani a kan cinyata, wayar hannun da na saya ko wata biyu ba a yi ba ta hau ƙara a aljihuna. Ban gama sabawa da ita ba, sai da matar da ke gefena ta zungure ni sannan na gane tawa ce. Rabi ce, mai ɗakina, take kira daga wajen masu wayar haya da ke zama ƙarƙashin lema a bakin layinmu. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, Baba ya cika," layi ya katse. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce wa kwandasta ya sauke ni, ya ce ba a iso tasha ba. Na haɗa ɗan Yarbancin da na iya na ce masa mahaifina ne ya rasu. Nan take ya daki jikin mota, direba ya ja birki a tsakiyar titi, na sauka na tare okada, wato ɗan acaɓa, zuwa Agege.

Ban yi wa kwandastan ƙarya ba, ko da yake ba Baba ne ya haife ni ba. Surukina ne, mahaifin Rabi. Shekara goma ina auren 'yarsa, bakina bai taɓa furta sunansa ba, kuma yau da zan rubuta shi sai da na ajiye biro na sake ɗauka: Malam Shu'aibu, wanda duk Agege ta sani da Mai Gwaji. Allah ya gafarta masa, ni ma ya yafe mini wannan rashin kunya ta farko kuma ta ƙarshe.

Haifaffen Agege ne. Mahaifinsa fataucin goro ne ya kawo shi Ikko ya zauna, shi kuwa aka sa shi boko a lokacin da ba kowane Bahaushe ke yarda ba. Ya yi shekara talatin da wani abu yana aikin gwajin jini a asibitin gwamnati. Da ya yi ritaya sai ya buɗe ɗan ɗaki a gaban gidansa, kusa da masallacin unguwa. Babu wani abin a zo a gani a ciki: tebur, madubin duba ƙwayoyin cuta, wata 'yar na'ura mai auna kitse da sukari, injin juya jini wanda ake murzawa da hannu idan an ɗauke wuta, da kujerarsa ta katako a gefen wata taga da ke kallon yamma. Yarbanci a bakinsa kamar ba Bahaushe ba, Turanci kuwa sai ya ga dama. Mutane na ce masa Dakta, shi kuma kullum yana gyara musu. "Ni ba likita ba ne," in ji shi, "ni mai kai saƙo ne. Jini ya faɗa mini, ni in faɗa wa likita." Ba a taɓa jin ya gaya wa wani abin da ya gani a jinin wani ba, ko da mata da miji ne.

Tsakanina da shi kunya ce irin ta mutanen da. Rabi ce 'yarsa ta fari, don haka ba ya kiran sunanta, sai dai "yarinyar nan". Ni kuma "Malam". Idan muka haɗu a hanya sai in tuɓe takalmi in durƙusa, shi kuma ya kau da kai yana amsa gaisuwa kamar da bango yake magana. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ko ruwa ban taɓa kurɓa ba. Ni ɗan ƙauyen Katsina ne da na zo Legas neman abinci na buɗe kyamis, kuma a garinmu haka aka koya mana. Shi da aka haifa a tsakiyar Yarbawa ya fi ni riƙo da abin.

Wata dabara tasa ita ce ta fara sa na gane ba ƙaramin mutum na samu ba. Gwajin kitsen jini yana son a zo da ciki wayam, a kwana ba a ci komai ba har a ɗebi jinin. To, ka gaya wa mahauci ko ɗan dako ya fito da safe bai sha koko ba, ka san da iska kake magana. Zai zo ya rantse maka bai ci komai ba, alhali da maiƙon ƙosai a leɓensa. Sai Baba ya duba ya ga dattawan unguwa da yawa suna azumin Litinin da Alhamis. Ya je ya tambayi liman ko ɗiban ɗan jini kaɗan yana karya azumi, aka ce masa ba ya karyawa. Shi ke nan, ya mayar da gwajin kitse yammacin Litinin da Alhamis, bayan La'asar sakaliya. Daga sahur zuwa lokacin, ciki ya daɗe da yin wayam, kuma mutumin da zai iya yi wa Mai Gwaji ƙarya ba zai yi wa Ubangijinsa ba. Idan an gama sai a zauna a kan benci a ƙofar ɗakin a jira Magariba a sha ruwa tare. Iya Sikira, wata Bayarbiya mai soya kifi a tsallaken layi, ita ke kawo taitus da shawa da zafinsu. Da haka majalisa ta kafu. Nakan zo in gaishe su in ɗan zauna a ƙarshen benci, amma da ladan ya gyara murya sai in sulale in tafi shagona in sha ruwa ni kaɗai.

Yanzu sai in faɗi laifina, domin ba za a gane girman mutumin nan ba sai an san irin surukin da Allah ya haɗa shi da shi. Ni mutum ne mai baki. Idan na ga abu ya burge ni, kafin in gama fahimtarsa na riga na yi masa kirari. A shekarar da sojoji suka koma bariki, kaya iri-iri suka cika kasuwar magani, cikinsu har da wata ƙwaya mai taushi, rawaya garau kamar sabon man gyaɗa. Man kifi ne aka ɗura a ciki, a jikin kwalbar an rubuta omega uku. Na karanta takardar da ke ciki na ga an ambaci kitsen jini, ban ƙarasa ba na naɗe ta. Na sa aka rubuta mini allo da boko da ajami da Yarbanci, na rataye a ƙofar shago: "Man kifi yana wanke kitsen jini tas. Sha ɗaya, ci abin da kake so." Layin farko na ɗauko shi daga rabin takarda. Na biyun kuwa daga cikin kaina ya fito, kuma a lokacin har daɗinsa nake ji.

Ba marasa lafiya ne suka yi ta saye ba. Ƙarti ne majiya ƙarfi, mahauta da dillalan shanu da masu dakon kayan gwari na kasuwar Mile 12, mutanen da ko ciwon kai ba su cika yi ba. Kowa ya ji a rediyo cewa kitse yana kashe manya, kowa kuma ba ya son rabuwa da tozo. Ni na ba su hanyar da za su riƙe duka biyun. Aka daina ce mini Sabi'u mai kyamis, aka koma Oga Sabi'u. A unguwa irin tamu, mai kyamis ba shi da abin da ya wuce maganarsa. Mace za ta aiko a ce yaro na zafin jiki, abin da ka ce shi za a yi. Ranar da aka ce bakinka ba abin yarda ba ne, to ka naɗe tabarmarka ka koma gida.

Baba yana wucewa ta gaban allon nan sau biyar a rana, bai taɓa ɗaga kai ba. Na ɗauka bai gani ba.

Wanda ya tono zancen shi ne Alhaji Ɗanlami, babban mahauci, abokin Baba tun ƙuruciya, mutum mai tumbi da dariya da son tsokana. Wata Alhamis, majalisa ta cika, ina ƙarshen benci, sai ya zaro kwalbar ƙwayar daga aljihun babbar rigarsa ya girgiza ta.

"Dakta," ya ce, "abeg ka raba mu da wahala. Wannan abin da surukinka ke sayar mana, gaskiya ne yana wanke jini tas? Ni fa tun da na fara sha, kullum sai na ci ƙwaƙwalwa da tozo. In gaskiya ne in ƙara, in ƙarya ne ka faɗa mana a gabansa, ga shi nan zaune."

Alhaji ya san abin da yake yi sarai, yana kallona ta wutsiyar ido yana danne dariya. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Idan Baba ya ce ƙarya ne, ya kashe ni a gaban mutanen da nake ci da yardarsu, kuma ya kashe mijin 'yarsa. Idan ya ce gaskiya ne, ya yi abin da bai taɓa yi ba a shekara talatin na aiki. Kowa a wurin ya san ɗaya daga cikinmu zai tashi da rauni.

Baba ya karɓi kwalbar, ya sa tabarau, ya karanta takardar ciki daga farko har ƙarshe, abin da ni mai sayarwa ban yi ba. Sannan ya ce, "Ɗanlami, ni ina da suruki, ina kuma jin kunyarsa. Amma jini ba shi da suruki. Mu bar bakina da nasa, mu tambayi jinin."

Nan take ya tsara abin. Ya nemi mutum goma sha biyu masu lafiya daga majalisar, waɗanda suka yarda a karanta sakamako a bainar jama'a ba tare da suna ba, sai lamba. Za a ɗebi jinin kowa ranar Litinin. Shida za su riƙa shan ƙwayar kullum har wata uku, shida ba za su sha ba, kowa ya ci gaba da cin abin da ya saba. Bayan wata uku a sake ɗiba a gwada. Da aka rasa cikon na shida a cikin masu sha, Baba ya ce shi da kansa zai zama cikon. Kafin a watse ya yi musu bayani da harshen da kowa zai gane. Ya ce kitsen jini iri biyu ne manya. Akwai mai yawo, wanda idan ya yi yawa yakan sa ruwan jini ya yi fari-fari kamar an ɗiga masa nono. Akwai kuma mai maƙewa, wanda likitoci ke kira kolestarol, ba a ganinsa sai da na'ura, shi ne ke lafewa a jikin jijiya shekara da shekaru yadda maiƙo ke toshe magudanar gidan abinci. Ya ce, "Wanda ya ce muku abu ɗaya ne, bai karanta takarda har ƙarshe ba." Bai kalle ni ba. Da ma ya kalle ni, da ya fi mini sauƙi.

Ranar ɗiban jini ta farko ba zan manta da ita ba. Alhaji Ɗanlami, mutumin da ke kayar da bijimi kafin a gama gaisawa, yana ganin allura sai ga gumi. Ya miƙa hannu ya janye, ya miƙa ya janye. Baba bai yi masa dariya ba. Sai ya hau tambayarsa labarin wani jan sa da ya ƙwace a kwata shekarun baya ya shiga danfo, Alhaji ya ɗauki labari da hannu ɗaya yana kwatance, bai ankara ba Baba ya ce, "Danne audugar." Haka yake yi wa kowa. Yana cewa ba a kunyata mai tsoro, ɗauke masa hankali ake yi.

Watanni ukun nan unguwa ta sha dariya. Ƙwayar tana da wani hali da ban rubuta a allo ba: gyatsa. Mutum zai sha da sahur, ya wuni yana gyatsar kifi. Masu sha shida ne, kuma duk 'yan sahun gaba ne. Wata rana bayan sallar Azahar liman ya juyo ya ce ko dai an buɗe kasuwar kifi ta Ikorodu a bayan masallaci ne ba a sanar da shi ba. Baba da kansa, mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, sai ka gan shi ya rufe baki da hannun riga yana cewa astagfirullah. Iya Sikira ta fi kowa morewa. Da ta ji Baba ya ce man da ke cikin ƙwayar shi ne dai man da ke jikin taitus da shawa, sai ta riƙa tsayawa da tirenta a gaban shagona tana kira. "Oga Sabi'u, e ku ishe o, sannu da aiki! Naka kifi ba kai, ba wutsiya, ba yaji. Nawa kifi komai akwai!"

Ina dariya tare da su, amma ta fatar baki ce. Na koma na karanta takardar har ƙarshe, na gane inda na zarce. Rabi ta ce, "Malam, ka sauke allon nan mana tun ba a sauke maka ba." Na ce idan na sauke yanzu an ce na tsorata. Ta ce, "To ai ka tsorata ɗin." Sai na ce miyar ta yi gishiri. Allo dai ya ci gaba da reto a ƙofa, girman kai bai bar ni na taɓa shi ba.

Wata uku suka cika, aka sake ɗiban jini ranar Alhamis. Baba ya ce za a ji sakamako Litinin. Ranar Asabar da rana Rabi ta je gaishe su, ta dawo da kwanon tuwo daga Inna, mahaifiyarta. Da na buɗe sai ga takarda a ninke cikin leda, an ɗora ta a kan murfin kwanon miya. Rubutun Baba ne, ƙanana a jere kamar an ja musu layi. Lamba ɗaya zuwa goma sha biyu, kowace da abin da aka gani a farko da abin da aka gani a ƙarshe. Waɗanda suka sha ƙwayar, kitse mai yawo ya sauka a jinin mafi yawansu, ya fi sauka a wajen waɗanda da ma nasu ya ɗan hau. Waɗanda tun farko jininsu garau yake, saukar ba ta taka kara ta karya ba. Kitse mai maƙewa kuwa yana nan inda aka bar shi, a wajen wasu ma ya ɗan ɗaga. Mutum ɗaya, lamba huɗu, nasa ya yi sama sosai. Ba sai an gaya mini wanda ke cin ƙwaƙwalwa da tozo kullum a kan maganata ba.

A ƙasa ya rubuta layi uku. "Malam, rabin maganarka gaskiya ne, ka riƙe shi. Ɗaya rabin, bakin da ya ajiye shi ya fi dacewa ya ɗauke shi. Ranar Litinin ni ɗan kallo ne."

Na yi ta maimaita karanta takardar har tuwo ya huce. Abin da ya taɓa ni ba sakamakon ba ne. Na gane mutumin nan ya san amsar tun ranar da Alhaji ya girgiza kwalba, ya san ta daga littattafansa. Da ya so, da jimla ɗaya ya gama da ni. Sai ya zaɓi ya yi wata uku yana gyatsar kifi a sahun gaba, don kawai ya samo mini hanyar da zan fita da ƙafafuna.

Litinin ta zo, majalisa ta cika har tsallaken layi, domin labari ya bazu cewa yau suruki zai yanka suruki. Baba ya fito ya zauna a kujerarsa, ya ce, "Malam mai kyamis ya duba takardun, shi ya fi ni sanin ƙwayar. Shi zai yi muku bayani." Na miƙe. Ni da ba a raba ni da magana, sai da na yi gyaran murya sau uku. Na karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ce ƙwayar tana rage kitse iri ɗaya, ba ta wanke ɗayan, kuma mai cikakkiyar lafiya ba lallai ya ga wani babban canji ba. Na ce layin nan na "ci abin da kake so" ba daga kamfani ya fito ba, ba daga likita ba, daga bakina ya fito, kuma kuskure ne, ina neman afuwar duk wanda ya ƙara loma saboda ni.

Sai Alhaji Ɗanlami ya dafa tumbinsa ya ce, "Ba sai an ɓoye ba, jama'a, lamba huɗu ni ne. Oga Sabi'u, ka ci amanata, amma wallahi wata ukun nan na ji daɗin duniya!" Majalisa ta fashe. Wani dattijo mai kayan gwari ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin mai kyamis ya ƙaryata allonsa da kansa ba, daga yau ko maganin tari ne a wajena zai saya. Baba ya jira dariya ta lafa, sannan ya ƙara abu biyu kawai. Ya ce mutum goma sha biyu ba bincike ba ne, leƙe ne, kada wani ya ɗauka an gama magana. Ya kuma ce wa Alhaji gobe da safe zai raka shi wajen likita da kansa. Ya raka shi kuwa, kuma Alhaji yana nan da ransa, tumbin ma ya ragu, yana cin tozo ranar Juma'a kaɗai yana ƙorafi sauran kwana shida.

Ladan ya kira Magariba, Iya Sikira ta sauke tire. Na fara laluben takalmina zan sulale yadda na saba, ga shi ko ni ina azumi, ga maƙogwaro ya bushe da magana. Sai na ji Baba yana cewa, ba da ni ba, da iska, "A gaya wa Malam akwai wata kwalba da zan duba, kuma zan daɗe." Ya sha ruwa kurɓi uku, ya ɗaga kujerarsa ya juya ta ta fuskanci taga, ya ba mu baya. Ya ɗauki wata kwalbar gwaji ya ɗaga ta sama yana dubawa. Rana ta riga ta faɗi, babu hasken da za a ga komai, kuma kwalbar babu komai a cikinta. Alhaji ya tura mini tire da ƙafa. Na zauna na ci kifin nan hawaye na zuba, ina cewa yaji ne. Bai juyo ba sai da ya ji na wanke hannu.

Washegari na sauke allon. Sabon da na rubuta ya fi tsohon tsawo kuma bai kai shi daɗin karatu ba, ya ce man kifi yana taimakawa wajen rage wani nau'in kitsen jini, ba ya maye gurbin kula da abinci, a gwada jini kafin a fara. Masu saye suka ragu, masu zuwa tambaya suka ƙaru. Baba bai taɓa tayar da zancen ba. Sau ɗaya kawai, yana wucewa, ya tsaya a gaban sabon allon ya karanta, ya ce wa bango, "Kada a sayar wa mai lafiya tsoro, kada kuma a sayar masa da lasisin cin abin da ya ga dama." Ya wuce masallaci.

Daga ran nan har shekara biyu, duk Litinin da Alhamis, da an kira Magariba sai ya tuna akwai kwalbar da zai duba. Ba mu taɓa cin abinci fuska da fuska ba, amma mun sha ruwa tare fiye da yadda zan iya tunawa, shi yana kallon taga ni ina kallon bayansa. Na san kowane zare na hular nan tasa ta baya.

Ranar da ya rasu ya yi sahur, ya yi Asuba a jam'i, ya share ɗakin gwaji, ya jera kwalabe saboda masu zuwa da yamma. Inna ta leƙo da hantsi ta same shi a kujerarsa kamar mai gyangyaɗi. Ya tafi da azumi a bakinsa. Aka yi jana'iza bayan Azahar, Hausawa da Yarbawa layi ya ƙi ɗaukarsu. Iya Sikira ta zauna a ƙofar gida ta ɗaure kai, ta ce yau ba ciniki, amma da yamma sai ga ta da tire, ta ce Baba bai taɓa barin mutanensa su sha ruwa babu kifi ba.

Aka kira Magariba. 'Yan majalisa suna kan benci, da yawansu da azumi, ni ma haka. Alhaji Ɗanlami ya tura mini tire, ya ce, "Ci, Sabi'u, yau ba wanda za ka ji wa kunya." Na miƙa hannu, hannun ya ƙi. Kujerar tana nan a inda ya bar ta da safe, tana kallonmu. Ban taɓa jin nauyinsa kamar na wannan lokacin ba. Na tashi na ɗaga ta, na juya ta ta fuskanci taga, na dawo na zauna. Sannan na iya cewa bismillah.

Ya Allah, ga bawanka Shu'aibu ya zo maka da azuminsa, ka shayar da shi daga tafkin Annabinka, tsira da amincinka su tabbata a gare shi. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba Inna haƙurin rashin abokin zama, ka dafa wa Rabi da ƙannenta da jikokinsa, ka haɗa kansu a bayansa. Ka ba abokansa na benci juriya, ka sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Ya Allah, shaida nake bayarwa: ya ga aibina a fili, ya faɗa mini gaskiya ba ragi, sannan ya juya baya don kada in ji kunya. Ka rufa masa asiri ranar tsayuwa yadda ya rufa mini. Amin.